Littafin da Ya Hana Ni Barci a Indabo

Ranar da editan wannan mujalla ya tare ni a bakin ɗakin lakca ya ce lallai sai na ba shi rubutu kafin a kai aiki wurin bugu, na ɗauka kan tsadar handawut zan yi magana, ko wahalar mota, kamar yadda aka saba. Da na zauna da biro sai na ga abin da ke cina daban ne. Wani tsohon littafi ne na naira 500, da abin da ya tono mini a garinmu a hutun da ya wuce. Ku yi mini uzuri, ni ɗalibin lantarki ne, ban karanci adabi ba. In na yi tuntuɓe ku tashe ni.

Ni mutumin Indabo ne, a ƙaramar hukumar Wudil. Ga wanda bai sani ba, in ka bi titin Maiduguri daga Kano ka iso Wudil, mai babbar kasuwar shanu ta ranar Juma'a, to ka shigo ƙasarmu, Indabo na cikin garuruwan da ke kewaye da ita. Can nake komawa duk hutu, in ajiye takalmin 'yan boko in ɗauki fartanya.

Yadda littafin ya zo hannuna ma abin dariya ne. Na je wurin masu baza tsofaffin littattafai a gefen titi ta wajen Sabon Gari, ina neman wani littafin lissafin lantarki. Na samu, na biya, sai mai kaya ya ce ba canji. Muka yi ta ja-in-ja, can ya zaro wani yagaggen littafi daga ƙasan tari ya ce, "Ɗalibi, riƙe wannan a bakin kuɗinka." Bangon ya rabu, takardun sun yi ja kamar an jiƙa su da shayi. Sunansa Tales of Mystery and Imagination, tarin gajerun labaran wani Ba'amurke, Edgar Allan Poe. Na jefa shi a jaka ina ƙunƙuni, ban sake bi ta kansa ba sai da muka gama jarrabawa na koma gida.

Daga baya na nemi tarihin mutumin. An haife shi a Boston a 1809, ya mutu a Baltimore a 1849, yana da shekara 40 kacal. Uban ya gudu ya bar su, uwar ta rasu bai cika shekara 3 ba, matarsa ma tarin fuka ya kashe ta a 1847. Cikin talauci ya yi rayuwarsa, yana sayar wa mujallu labarai ɗaya bayan ɗaya. Labaran da suka fi kama ni ya rubuta su ne tsakanin 1842 da 1846, wato lokacin Sarki Ibrahim Dabo na kan gadon sarautar Kano. Ku duba nisan zamanin, ku duba nisan ƙasar. Amma wallahi daren farko da na buɗe shi da fitilar waya, ba wuta, ba motsin kowa sai kukan gyare, sai da na tashi na duba ko na sa sakata.

Abu na farko da ya burge ni shi ne gajartarsu. Mu da muka tashi da littattafan da sai ka karanta na ɗaya, na biyu, na uku, a ce maka a tara a na huɗu, mun saba da labari mai yawo, a je biki a dawo, a sayi mota a kwatanta launinta. Shi wannan bawan Allah ba ya haka. Ra'ayinsa ma shi ne a rubuta abin da mai karatu zai gama a zama ɗaya, kuma kowace jimla ta yi aiki ɗaya da 'yan uwanta. Mu 'yan lantarki mun san wannan: in akwai wayar da ba ta ɗauke da komai a cikin haɗi, cire ta ake yi. Akwai labarinsa da bai wuce shafi biyar ba, amma na gama shi da gumi a tafin hannu.

Sannan ya iya sa mutum jira. Da ma ina ɗauka tsoro a labari shi ne abu ya faɗo maka ba zato, kamar yadda ake yi a fim, a buga ganga ka zabura. Ashe wanda ya fi ciwo shi ne ka san abin da zai faru, kana kallo yana tahowa a hankali, ba ka da ikon tsayar da shi. Ɗauki labarin Montresor da Fortunato, na 1846. Tun layin farko Montresor ya gaya maka fansa zai ɗauka. Ya yaudari mutumin da zancen wata giya mai tsada, ya ja shi cikin rami ƙarƙashin gidansu inda ake ajiye ƙasusuwan kakanni. Abin takaici, suna tafe yana nuna masa tausayi, wai tarinsa ya yi yawa, su koma kada sanyi ya kama shi, shi kuwa gogan yana cewa a ci gaba. Har ya kai shi wani lungu, ya ɗaure shi da sarƙa, ya ɗauko duwatsu da kwaɓi ya shiga gini, layi bisa layi, yana hutawa yana sauraron ƙarar sarƙar. Kai mai karatu kana ƙirga layukan ginin tare da shi.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito tun shekarun 1930, ya san abin da ke riƙe littafi na ɗaya. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, Musa na son fita, mu kuma mun san in ya fita ya faɗa tarko. Aku ba shi da takobi ba shi da garkuwa, labari kawai yake ja har gari ya waye. Duk dariyar da muke yi a ciki, a bakin rami muke yinta. Haka Dare Dubu da Ɗaya, inda mai ba da labarin ta san in daɗinsa ya ƙare, wuyanta ne a kan takobi. Ko Iya, kakata, in tana mana tatsuniyar Dodo muna yara, ba ta gaggawar fito da shi. Sai ta ce ana jin takunsa daga bayan gari, ta yi shiru, ta gyara goronta, mu kuwa mun cure wuri ɗaya kamar 'yan tsaki.

Abu na biyu, kuma shi ya bambanta littafin da abin da na saba: a labaran da suka fi tsorata ni babu aljani. Ba mai ƙafar jaki, ba mai tashi sama, ba boka mai jan ƙyalle. Mutum ne kawai, kuma sau da yawa shi mugun ne da kansa ke ba ka labarin, da ladabi da natsuwa, yana neman ka fahimce shi. A labarin baƙar kyanwa, na 1843, mai maganar mutum ne da ya taso da son dabbobi, giya ta lalata shi. Ya ƙwaƙule wa kyanwarsa ido, daga baya ya rataye ta, ƙarshe ya sare matarsa da gatari ya gine gawar a bangon ɗakin ƙasa. Da 'yan sanda suka zo bincike ba su ga komai ba, har za su fita, sai ɗagawa ta sa ya ƙwanƙwasa bangon da sanda yana yabon ƙarfin ginin. Kukan kyanwa ya amsa daga ciki, ashe ya gine wata da ranta tare da gawar. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, sai dai a nan ɓarawon ne ya kira mai kayan da hannunsa.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Turancin tsoho ne, mai nauyi, sai da ƙamus a gefe. Wasu labaran suna jan ƙafa, akwai wanda na yi barci a kansa sau biyu. Akwai zancen giya, akwai jini, ba littafin da za ka miƙa wa ɗan firamare ba ne. Abokin ɗakina a hostal, ustazu ne na kirki, ya ga ina karanta shi bayan mun dawo ya ce, "Malam, me za ka ƙaru da shi? Ka cika kanka da gawa da kabari, ga darasi na jiranka." Ban raina maganarsa ba, don tana da ƙamshin gaskiya. Akwai labaran tsoro da ba su da wani amfani sai tayar da hankali, kamar hotunan haɗarin mota da ake turawa a WhatsApp. Amsar da na ba shi ita ce abin da zan ba ku yanzu, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Wani dare a cikin hutun, bayan sallar isha'i, muna zaune a tsakar gida kan tabarma, ƙannena da 'ya'yan kawuna suka dame ni sai na ba su labarin abin da nake karantawa kullum. Iya na gefe tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Maigidan, ba su mana, mu ji ko bokon naka na da tatsuniya." Na zaɓi wanda ya fi gajarta, na 1843 shi ma, na juya shi da Hausa yadda zan iya.

Na ce musu wani mutum ne yake zaune gida ɗaya da wani tsoho. Tsohon bai taɓa zaginsa ba, bai taɓa cutarsa ba, shi ma ya ce yana ƙaunarsa, kuma ba ya kwaɗayin dukiyarsa. Abu ɗaya ne: tsohon na da ido ɗaya da yana ta rufe, in ya kalle shi da shi sai jikinsa ya yi sanyi. Don haka ya yanke shawarar kashe shi, ya huta da idon. Kullum tsakar dare sai ya tura ƙofar ɗakin tsohon a hankali, sai ya yi awa guda kafin ya gama shigar da kansa, ya buɗe fitila ɗan siriri ya haska fuskar. Dare bakwai yana tarar da idon a rufe, sai ya fasa, da safe kuma ya shiga ya gaishe shi da fara'a ya tambaye shi yadda ya kwana. A dare na takwas tsohon ya farka. Suka yi tsit a cikin duhu, wannan a tsaye, wancan a zaune kan gado, kowa na sauraron kowa. Da ya buɗe fitilar sai hasken ya sauka daidai kan idon, a buɗe. Ya kashe shi, ya daddatsa gawar, ya ɓoye ƙarƙashin katakon daɓen ɗakin, ya goge komai. Kafin asuba 'yan sanda uku suka zo, don maƙwabci ya ji ihu. Ya tarbe su da murmushi, ya kawo kujeru, ya ɗora tasa daidai kan wurin. Suna hira sai ya fara jin bugun zuciya daga ƙasa. Yana ƙaruwa, yana ƙaruwa, su ba su ji ba, shi kaɗai ke ji, har ya kasa jurewa ya tona kansa da bakinsa.

Yaran suka yi ta ihu suna rirriƙe juna, ƙaramar ta ce ba za ta kwana ita kaɗai ba. Ni kuwa ina ta jin daɗi, na iya ba da labari. Iya ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ƙwaryar gyaɗar ta ce, "Shi tsohon me ya yi masa?"

Na ce, "Ba komai, Iya. Idonsa ne kawai."

Ta ce, "To ai ba a Amurka kaɗai ake wannan ba." Ta dube ni, ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki.

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan randa. Na san abin da take nufi, kuma na yi shekara goma ina kauce masa.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, ba zan faɗi sunanta ba. Daddawa take sayarwa, mijinta ya rasu, ita kaɗai a gida. Idonta ɗaya fari ne fat. Yanzu na san yanar ido ce, ciwon da ke kama tsofaffi da yawa, wanda likitocin ido ke cirewa da ɗan gajeren aiki. A lokacin ba abin da muka sani sai tsoronta. In aka aike mu sayen daddawa sai mu miƙa kuɗi muna kallon ƙasa, mu fito da gudu.

Ina da shekara 11, da damina, ƙanena ya kwanta da zazzaɓi mai zafi. Da dare jikinsa ya shiga jijjiga, idanu suka kafe, yana sambatu. Mata suka cika ɗakin, ana ta salati. Sai wata ta ce, "Ku saurara, wa yake kira?" Kun san yadda abin yake a wurinmu: in mara lafiya ya ambaci sunan wani, sai a ce shi ya kama kurwarsa, a je a taso shi ya zo ya tsallake shi. Aka yi tsit. Yaron ba abin da yake faɗi da za a gane, gurnani ne kawai. Ni ina bakin ƙofa, tsoro ya cika ni, ina son a ce na san wani abu. Na buɗe baki na faɗi sunan tsohuwar nan. Na ce ita yake kira, na ji da kunnena.

Kafin ka ce kwabo samari sun nufi gidanta da fitilu. Allah ya sa liman da mai unguwa suka tare su, ba a taɓa lafiyarta ba. Iya kuma ta tsaya kai da fata sai an kai yaro asibiti. Babanmu ya goya shi a babur cikin daren zuwa Wudil, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani, aka sa masa ruwa da allurai, bayan kwanaki ya dawo da ƙafarsa. Yana nan, shi ne ma ya fi kowa ihu a daren da na ba da labarin. Amma sunan ya riga ya manne mata. Aka daina sayen daddawarta. Uwaye na janye 'ya'yansu in ta biyo hanya. Yara na jifan ƙyaurenta, har da ni a ciki, don in na daina za a ce me ya sa. Ba ta yi shekara biyu ba ta tattara ta koma wurin 'yarta a wani ƙauye, can ta rasu.

Na bi Iya ɗaki a daren nan. Na zauna a bakin gadonta na kasa magana. Ita ta fara. Ta ce, "Na san ba ka ji komai ba. Ni ce a kusa da bakinsa."

Na ce, "Iya, to me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Na faɗa, ɗan nan. Har sau uku. Ranar maganar yaro ta fi daɗi a kunnensu, don da ma ita suke son ji."

Ban yi barci ba har aka kira assalatu. Na yi ta juya labarin. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda mai kisan ya yi ta rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau, yana kafa hujja da irin tsarin da ya bi. Mu ma haka muka yi. Ba wanda ya ɗauki kansa azzalumi a daren nan, kowa na ganin yaro yake ceto. An yi mini wa'azi a kan ƙazafi da shaidar zur ba sau ɗaya ba, na haddace, har na ci jarrabawa a kai a Islamiyya, kuma duk lokacin da na ji sai in tuno wasu mutane daban. Labarin nan bai yi mini wa'azi ba. Ya sa ni cikin rigar mai laifin ne, na riƙe fitilar tare da shi dare bakwai, ina jin haushinsa, kafin in farga na gane hannun wa ke kan ƙofar.

Wannan na gaya wa abokin ɗakina. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ka nemi yafiya." Na ce ai ta rasu. Ya ce, "Tana da magada."

Iya ma ta riga shi faɗi. Ta gaya mini 'yar tsohuwar na zuwa kasuwar Wudil duk Juma'a, sana'ar uwarta ta gada. Juma'ar ƙarshe kafin mu dawo makaranta na je, na neme ta har na same ta. Na durƙusa na gaishe ta, "Baba, ina wuni." Ta amsa da sakin fuska, ba ta gane ni ba. Ta ce, "Samari, ta nawa za a ba ka?" Na buɗe baki, maganar ta maƙale. Na sayi daddawar naira 200 na tashi. Tana nan cikin lokata a hostal, ɗakin duk ya ɗauki warinta, 'yan ɗakinmu na ta tsiya, na kasa girki da ita na kuma kasa zubarwa.

Shi Montresor sai bayan shekara 50 ya ba da nasa labarin, kuma ko a lokacin ban ga alamar ya durƙusa wa kowa ba. Da na ba Iya wannan washegari, tsaki ta yi ta ce wannan ba labari ba ne, tunda ba a kama shi ba. Can kuma ta ce, "Ko da yake wanda ya shekara hamsin bai manta adadin duwatsun ba, ai an kama shi." Ni nawa shekara goma ne, kuma ba na son ya kai sha ɗaya. Juma'ar farko ta hutu mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kasuwar, kuma Iya ta ce za ta raka ni. Na rubuta a nan ne don duk wanda ya gan ni bayan hutu ya tambaye ni ko na je.

Littafin kuwa yana wurina, na ɗinke bangon da zare. Mai so ya zo ya ara, amma a dawo mini da shi. Shawarata, kada ku karanta shi daren jarrabawa, kuma in kun gama ku gwada ba wani tsoho labarin da Hausa, ku ji abin da zai ce. Ga masu baiwar rubutu a cikinmu kuma, ga fili nan. Garuruwanmu cike suke da irin waɗannan labarai, ba sai an ɗauko aljani daga bayan dutse ba.

Allah ya jiƙan tsohuwar nan, ya sa ta huta, ya yafe mana abin da muka sani da wanda muka yi kamar ba mu sani ba. Wassalam.